Saura Umrar Mahaifinka

Utaibiyya, Makka.

Zuwa ga ɗana Yusufu, wanda mutanen unguwa ke kira Yusufu Jawa, yadda suke kiran duk mutumin ƙasashen wajenku.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka sauka a ƙasar Kambodiya, ina sanar da kai cewa ina nan da raina. Na fara da wannan ne domin ba ka tsaya ka ga yadda za ta kaya da ni ba.

Ba ni da adireshinka, wayarka kuma a kashe take. Safiya, 'yar maƙwabcinmu Alhaji Mamman, ita ta ce in rubuta da hannuna yadda na saba, ita kuma ta buga ta sa a shafin da Hausawan Makka ke taruwa a waya. Na san kana leƙa shafin nan. Wasu za su riga ka karantawa, ban damu ba. Kai da kanka ka rubuta a takardar da ka bar mini cewa in gaya wa mutanen unguwa, domin su san da wa suka yi shekara talatin da wani abu suna cin tuwo. To, zan gaya musu, amma ba yadda ka so ba.

Ranar da ka tafi, ka sayo mini ful da tamis, waken nan da gurasa, da safe, ka jera mini maganin mako guda a 'yar akwatinsa, ka ce za ka Jidda sayo yadi, kafin la'asar ka dawo. Na ce ka duba mini zare mai ruwan toka. Ka ce to. Wannan "to" ita ce duk sallamar da na samu daga gare ka.

Kwana tara muna nemanka. Alhaji Mamman ya rufe shagonsa ya ɗauke ni a mota, muka bi asibitoci, muka je wurin 'yan sanda, muka je inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, ko da yake na san iƙamarka, takardar zamanka, ba ta ƙare ba. A wani asibiti aka buɗe mini fuskar wani mamaci, mutumin wajenku, aka ce in duba. Ba kai ba ne. Na yi hamdala, sannan kunya ta kama ni, don shi ma ɗan wani ne.

Rana ta tara Safiya ta zo share mana shago, ta jawo 'yar durowar keken ɗinki inda muke ajiye allurai, ta ga takarda a naɗe. Ka san shekara biyu ke nan ban taɓa keken nan ba saboda idona. Ka zaɓi wurin da ka tabbata ba zan gani da wuri ba, domin ka yi nisa kafin in sani. Wannan lissafin da ka yi a kaina, Yusufu, ya fi kwana taran ciwo.

Bari in tuna maka mafari, ko ka manta.

A unguwar Tandabawi ne, tun kafin a rushe layinmu. Kana ɗan shekara goma sha tara, ka zo umra tare da wasu mutanen Malesiya, suka koma ka ƙi binsu. Kwana uku a jere kana tsayawa ƙofar shagona kana kallon yadda nake ɗinki. A rana ta huɗu na miƙa maka rigar da ta yage, ka ɗinke ta da wani irin ƙulli da ban taɓa gani ba. Daga baya na san ƙullin koma ne, irin na masunta.

Inna Kulu, matata, Allah ya jiƙanta, ta zuba maka tuwo da miyar kuka. Ka ci rabi, ka naɗe rabin a hankici ka sa a aljihu. Bayan mako guda ta tarar da busasshen tuwo a ƙarƙashin matashinka. Ba ta yi maka faɗa ba. Sai dai daga ranar ta riƙa barin tukunya a buɗe a inda za ka gan ta, da saura a ciki. Shekara biyu tana haka kafin ka daina ɓoye abinci.

Allah bai raya mana ɗa ko ɗaya ba. Ka san wannan, ka kuma san gurbin da ka shiga. Ka kira ta Inna, ka kira ni Baba, ba wanda ya sa ka. Ka koyi Hausa har da karin harshen Katsina, yaran unguwa da aka haifa a nan suna jin kunyarka don ka fi su iyawa. Ni na koya maka karatun boko a kan teburin yanka, da hanyar da malaminmu na elementare ya koya mana. Ban taɓa zaton da rubutun da na koya maka za ka yi mini ban kwana ba.

Labarinka kaɗan-kaɗan ka ba mu shi, wani a wannan shekara, wani sai bayan uku. Kun fito daga wani ƙauyen Musulmi masunta a bakin babban kogi. Kana ɗan shekara tara mayaƙan nan masu baƙaƙen kaya da suka ƙwace mulkin ƙasarku suka shigo. Suka rufe masallaci, suka tattara littattafai, suka aske wa mata gashi zuwa wuya, suka hana ku yaren gidanku. Suka kwashe tukwanen kowa, aka koma cin abinci wuri ɗaya, ludayi guda na kunun shinkafa wanda ka ce kana iya ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Ku yara aka raba ku da iyayenku, aka sa ku korar tsuntsaye a gonar shinkafa da kwasar kashin shanu.

Ka ce wata rana da hantsi aka zo aka tafi da mahaifinka, aka ce karatu za a kai shi. Bayan 'yan makonni aka sa mahaifiyarka da kakarka da yayanka da ƙannenka mata biyu da jaririn goye a kwalekwale, aka yi tsakiyar kogi da su, ba wanda ya dawo. Kana tsaye a kan kunyar gona kana kallo, ba ka ɗaga hannu ba, don an gaya muku duk wanda ya yi kuka yana ciki. Masu baƙaƙen kayan suka sauya maka suna. Da aka kore su, ka bi ayarin mutane da ƙafa har sansanin gudun hijira a kan iyaka. Ranar da ka ba mu wannan, Inna ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Ita ce ta kawo shawarar umra. Ta ce mutanen da ba a yi musu wanka ba, ba a yi musu salla ba, ba a san kabarinsu ba, ga mu kuma zaune a inda wasu ke sayar da gona don su zo, ai abin kunya ne mu bar su haka. Daga nan muka mai da shi al'adar gidanmu. Duk watan Rajab mu hau mota zuwa Tan'im, mu yi wanka mu ɗaura harami, kowa ya ɗauki mamaci ɗaya ya yi niyya da sunansa, mu dawo mu yi ɗawafi da sa'ayi. Ni na yi wa yayanka Mat. Inna ta yi wa kakarka. Kai ka yi wa ƙannenka ɗaya bayan ɗaya. Ta mahaifiyarka ka ce in fara yi, ka rubuta mini sunanta a 'yar takarda na riƙe a hannu. Jaririn kuwa Inna ta ce shi ba ya buƙata, shi ne ma zai jawo ku. Da muka gama zagaye, muka sake daga farko. Mahaifiyarka kaɗai ta sami umra bakwai.

Mahaifinka bai sami ko ɗaya ba.

Duk shekara sai na tambaye ka, kai kuma amsarka ɗaya ce: "Tasa sai na shirya, Baba." Sunansa kuwa ba ka taɓa furtawa ba, ba ka taɓa rubutawa ba. Abdullahin da ke takardunka a gurbin sunan uba ka ce ma'aikacin sansani ne ya sa maka, don ka yi shiru da ya tambaye ka.

A nan ne na yi kuskuren da har in mutu ba zan daina jin nauyinsa ba. Ni Bahaushe ne, an haife ni a gidan da ba a kama sunan uba. Ni kaina ban taɓa faɗin sunan mahaifina a bainar jama'a ba, ko abokina mai sunansa sai dai in ce masa Mai Sunan Baba. Saboda haka da na ga bakinka ya ƙi sunan naka, sai na ce kunya ce. Na ji daɗi. Na ce a raina, yaron nan ɗan asali ne, yana jira ne ya ga ya isa sannan ya tsaya wa mahaifinsa da kansa.

Ban tsaya a raina ba, har yabonka na riƙa yi. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a majalisar bayan la'asar, sau nawa na dafa kafaɗarka na ce wa mutane, ku dubi Bajawe ya fi 'ya'yanku kunya, shekara da shekaru ko ni ban san sunan ubansa ba. Mutane su ce madalla. Kai kuma ka sunkuyar da kai, ni in ɗauka wata kunyar ce. Ashe wurin da ke maka ciwo nake dannawa da yatsa a gaban jama'a, kai kuma ka bar ni ina yi.

Sai maganar yatsa. Mu mun tashi muna motsa manuniya a zaman tahiya, daga farko har sallama. Na lura kai ba ka ɗaga taka ko sau ɗaya, hannunka a dunƙule yake a kan cinya. Na yi maka magana sau biyu, ka ce haka kuka taso. Na ce to, bambancin mazhaba ne, na bar ka. Shekara talatin da wani abu kana tsayawa a damana, salla biyar a rana, yatsana yana motsi a gefen idonka.

Yanzu ga abin da ka rubuta, zan faɗe shi yadda ka ce in faɗa.

Ka ce bayan an hana salla, mahaifinka bai bari ba. Yakan zauna a gindin bishiya da koma a cinyarsa kamar mai gyara, ya yi sallarsa a zaune ba ruku'u ba sujada, ba ya ko motsa leɓe. Abu ɗaya ne ya kasa bari. In ya zo tahiya sai manuniyarsa ta ɗaga daga cikin zaren koma. Kai kaɗai ka gane, don kai kake riƙe masa bakin zaren kafin a raba ku.

Ka ce matar da ke kula da ku yara ta kira ka gefe wata rana, ta zaunar da kai a inuwa, ta ɗebo maka shinkafa mai kauri daga ƙasan tukunya, da gutsuren kifi a kai. Wata takwas rabonka da kifi, kai ɗan masunci. Ta shafa kanka, ta tambaye ka cikin taushin murya ko a gidanku akwai wanda har yanzu yake magana da Allah. Ka ce mata ba ya magana, yatsansa kawai yake ɗagawa. Ka ce a lokacin gani kake kare shi ka yi. Ka cinye shinkafar, ka lashe kwanon. Washegari da hantsi aka zo aka tafi da shi karatu. Da aka zo kwasar sauran, ita matar ce ta ce a bar ka, kai yaron kirki ne.

Daga nan ka rubuta cewa kai ka kashe su duka bakwai, kuma ka ci ladan. Ka ce ba ka da bakin da za ka tsaya a Tan'im ka kira sunansa. Ka ce ka ga ƙarfina yana ƙarewa, ba ka so in mutu ina yabon abin da ba shi ba ne, ba kuma za ka iya kallon fuskata ba bayan na sani. Za ka koma bakin kogin ka zauna kusa da inda suka tafi.

Na karanta da gilashin ƙara girma, layi-layi, sau uku. Ka san abin da ya fara zuwa mini? Ba tausayi ba ne. Fushi ne, irin wanda ban yi ba tun ina saurayi.

Ba da yaron nake fushi ba. Yaro ɗan shekara tara da yunwa ta cinye, wanda alƙalami bai hau kansa ba, babba ta zaunar da shi ta shafa kansa ta yi masa tarko da kifi. Wannan yaron ba shi da laifin da zan yafe. Waɗanda suka kashe mahaifinka manya ne, da hankalinsu, da igiyarsu. Ita ma matar ta san abin da take yi sa'ad da ta kai ludayi ƙasan tukunya. Su za su amsa, kuma akwai ranar.

Da kai nake fushi, kai mai furfura, wanda ya yi mini hukunci ba tare da ya saurare ni ba. Ka zauna ka auna ni, ka yanke cewa ni mutum ne da zai ji wannan labari ya juya maka baya. A ina ka ga haka a jikina? Wace rana ce na nuna maka ƙaunata tana da sharaɗi? Ka wanke ni lokacin da na kwanta jinya, ka ga tsiraicina, ka ɗauke ni a bayanka ka sauko da ni daga bene. Ni ban ɓoye maka rauni ko ɗaya ba. Kai kuwa ka riƙe naka, ka bar ni ina yi masa kirari.

Kuma ka cuci Inna. Ta mutu hannunta a cikin naka, maganarta ta ƙarshe da ta fito sosai ita ce, "Ku yi ta mahaifin yaron nan." Ka ce insha Allahu. Da ka gaya mata, na rantse da Allah da abin da za ta yi shi ne ta tashi ta ɗora tukunya. Macen da ta gane busasshen tuwo ba a yi mata bayani ba, ita ce za ta kasa gane kwanon shinkafa? Ka hana ta ta rarrashe ka. Ka hana ni.

Ka ce ba ka so in mutu ina yabon ƙarya. Sai ka zaɓa mini in mutu ni kaɗai. Ɗakin nan da muka dawo bayan an tashe mu daga Tandabawi, ka san ba mai hawa benensa sai da dalili. Maganin da ka jera ya ƙare a rana ta bakwai. Yanzu Safiya ke jera mini, tana kuma haɗa na safe da na yamma in ban duba ba. Ina sallar asuba a zaune a bakin gado, ba kowa a damana.

Mutanen unguwa da ka ce in gaya wa, na gaya wa wasunsu da bakina. Alhaji Mamman ya cire hularsa ya riƙe, sannan ya ce shi abin da ya sani shi ne kai ka ɗinka likkafanin mahaifiyarsa ka ƙi karɓar komai. Ba wanda ya tofar da tuwon da ya ci da kai. Tambaya ɗaya suke yi mini, yaushe za ka dawo.

To, ga dalilin wannan takarda.

Rajab ya kama. Likita ya ce zuciyata ba ta son cunkoso, ya ce in bar zuwa Harami sai dai in dole. Ni na san jikina, wannan ne Rajab na ƙarshe da zan iya ɗaura harami. Tun da can na san ambaton suna ba sharaɗi ba ne, in mutum ya ƙudurta a zuciyarsa wanda yake nufi ya wadatar. Na sake tambayar limaminmu ya tabbatar mini. Da na so, da tuni na yi wa mahaifinka umra goma ba ka sani ba. Ban yi ba ne don ina ganin hakkinka ne, ba na so in riga ka. Na yi ta jiranka, shi ma yana ta jira. Yanzu na daina.

Ranar Alhamis mai zuwa da hantsi Alhaji Mamman zai kai ni Tan'im. Zai taimake ni in ɗaura harami, ya tura ni a keken marasa ƙarfi. In an zo niyya zan ce na amsa kira, umra ce a madadin mahaifin Yusufu, masuncin da ya yi salla da koma a cinyarsa. Wanda zan gaya wa ya san shi, tun da shi ne aka ɗaga wa yatsan.

Amma ina son sunan. Ba don niyya ba, don ni. Ina so in ji shi da muryarka, ko a waya ne, ko sau ɗaya. Shekarun nan duka na ɗauka girmama shi kake yi da shirunka, ashe binne shi kake yi, shi da bai sami kabari ba. Mutumin da ya kasa hana yatsansa shaida alhali ya san abin da ke jiran mai yi, bai kamata sunansa ya ƙare a maƙogwaron ɗansa ba. In ka kira kafin Alhamis, zan shiga da sunan. In ba ka kira ba, zan shiga ba shi, amma zan shiga.

Bayan ɗawafi zan yi raka'a biyu a zaune a kan keken, ba ruku'u ba sujada, don ƙafafuna ba su bar mini wani zaɓi ba. Irin sallarsa ke nan. In na zo tahiya zan ɗaga manuniyata a fili, Ka'aba tana gabana, dubban mutane suna kewaye da ni, ba kuma wanda zai tambayi wani yaro abin da ya gani.

Ban yafe maka tafiyar nan ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina so in yafe, amma ina so ka zo ka tsaya a gabana in yi maka faɗa tukuna, irin wanda uba ke yi wa ɗansa, sannan in sa a zuba maka tuwo. Yusufu, ɗana, kai ba baƙo ba ne da za ka bar takarda a durowa. Gadonka yana nan yadda ka bar shi, ban bari an naɗe shimfiɗar ba. Makulli yana wurin Alhaji Mamman.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya karɓi sallarsa ta zaune, ya karɓi wadda zan kai masa. Allah ya jiƙan mahaifiyarka da kakarka da Mat da ƙannenka da jaririn, ya sa ruwan kogin nan ya zama musu wanka. Allah ya jiƙan Inna Kulu. Allah ya sauke wa yaron nan ɗan shekara tara kwanon da yake ɗauke da shi har yau, ya buɗe maka hannun da ka dunƙule. Allah ya sa in gan ka kafin a rufe mini fuska, in kuma bai ƙaddara ba, ya haɗa mu a inda ba mai ɓoye wa wani komai. Amin.

In za ka zo, ka biyo ta Jidda. Har yanzu ina jiran zaren mai ruwan toka.

Ni ne babanka, mai fushi da kai, mai jiranka,
Malam Sule Tela.